Madafar Da Ba Ta Harbi

A harshen mutanen ƙasar Danmak akwai wata kalma, "gullaschkanon", wadda in za a juya ta zuwa Hausa sai a ce igwar farfesu. Ba makami ba ce. Suna ne da sojoji suka laƙaba wa wata ƙatuwar tukunya mai ƙafafu irin na amalanke, wadda dawaki ke ja a bayan runduna, wuta na ci a ƙarƙashinta, abinci na dahuwa ana tafe. Mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da kalmar wata ƙasa mai sanyi, wadda yawancinmu ba mu san sunanta ba sai a jikin gwangwanin madara? Ruwanmu shi ne, duk wanda ya bi sawun wannan kalma har gida, in ya waiwayo zai tarar da wata tambaya tana jiran sa a ƙofar gidansa. Hausa ta yi kusan shekara ɗari ita ce harshen bariki a wannan yanki na Afirka, ta ari sunan kowane muƙami tun daga kurtu har janar, amma ba ta da sunan wannan tukunya. Me ya hana?

Bari mu fara warware kalmar tukuna. Rabinta na farko daga ƙasar Hangari ya fito. A harshensu garken shanu shi ne "gulya", mai kiwon garken kuwa "gulyás". Tun ƙarnonin baya waɗannan makiyaya ke kora shanu masu dogayen ƙaho daga filayen ƙasarsu zuwa kasuwannin Biyana da Nuremberg da Banis, tafiyar makonni a ƙasa, kamar dai yadda fataken shanu suka riƙa korawa daga Kano zuwa Kurmi kafin zuwan jirgin ƙasa. In sun ya da zango sai su rataye tukunyar ƙarfe bisa wuta su dafa nama da albasa. Wannan girki shi ake kira "gulyáshús", wato naman makiyayi. Da tafiya ta yi tafiya sai baki ya gaji, aka yar da naman, aka bar makiyayin shi kaɗai a cikin tukunya. Jan barkonon da ya ba girkin launinsa daga baya ya shigo, domin Turai ba ta san barkono ba sai bayan 1492, da aka kawo shi daga Amurka, kuma ya iso Hangari ne a zamanin da Turkawa ke riƙe da yankin. A ƙarni na 19 girkin ya shiga gidajen abinci na Biyana, Jamusanci ya karɓe shi da sunan "Gulasch".

Rabi na biyu, "Kanone" a Jamusanci, igwa ke nan. Daga Italiyanci aka same shi, inda "cannone" ke nufin babban bututu, shi kuma daga "canna", wato kara mai rami a ciki. In aka ƙara tonawa za a ga Rumawa daga Girkawa suka aro, Girkawa kuma daga harsunan Gabas 'yan uwan Larabci. Ashe dai igwar da ke rushe ganuwa jikar kara ce.

Ba kuma wannan ne karo na farko da abinci da makami suka yi musayar suna ba, mu ma muna da namu a baki ba mu lura ba. Bindiga daga Larabci muka samo ta, "bunduƙiyya", tushenta kuwa "bunduƙ", wani ɗan itace mai ɓawo kamar gujiya, wanda aka kwatanta dunƙulen harsashi da shi. Gurneti kuma, in an bi ta Ingilishi zuwa Faransanci, sunan ruman ne, saboda cikinsa cike yake da 'ya'ya.

Ita kanta tukunyar, buƙata ce ta haife ta. A da, in runduna ta yini tana tafiya, sai an sauka sa'an nan kowane gungu na sojoji zai shiga neman itace da ruwa, a hura wuta, a zauna jiran nama ya yi laushi. Sau da yawa kafin ya nuna an busa begilar tashi, sai a ci ɗanye ko a zubar. Ciwon ciki ya kashe sojojin Turai fiye da yadda harsashi ya kashe su a yaƙe-yaƙe da dama na ƙarni na 19. A yaƙin Kirimiya, cikin 1855, wani shahararren kuku Bafaranshe mai suna Alexis Soyer ya kai wa sojojin Ingila wani murhun ƙarfe da ya ƙera, wanda suka ci gaba da amfani da irinsa fiye da shekara ɗari. Sai dai murhun Soyer ba ya tafiya, sai an sauke shi an girka. Wanda aka fi danganta wa ɗora tukunya bisa ƙafafu shi ne Karl Rudolf Fissler, wani maƙerin kayan girki na garin Idar-Oberstein a Jamus, cikin 1892. Rashawa ma sun yi tasu, sun kuma yi aiki da ita a yaƙinsu da Japan na 1904 zuwa 1905. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, rundunar Jamus ta riga ta raba wa bataliyoyinta.

Babbar samfurin ta Jamus tana da tukunya mai cin lita 200, da wata ta dafa gahawa mai cin lita 90. Tukunyar bango biyu gare ta, a tsakaninsu an zuba wani mai mai kauri da ake kira gilisarin, don kada abinci ya kama, kuma ya daɗe da zafi ko wuta ta mutu. Akan ɗaura ta ne a bayan wata 'yar amalanke mai ƙafa biyu, daidai yadda ake ɗaura igwa, ga kuma bututun hayaƙi wanda ake kwantarwa in ana tafiya. Soja mai jin yunwa ya hango abu baƙi, dawaki na ja, ga dogon baki a kwance, hayaƙi na fita. Ba sai an tara malamai ba, sunan ya riga ya fito. A takardun hukuma sunanta "madafin fagen fama" ne in an fassara, amma ba wanda ya kira ta haka a bakin rami.

Yadda kalmar ta ƙetara Danmak shi ne wurin da labarin ya daina ban dariya. Danmak ba ta shiga yaƙin 1914 ba, 'yar ba-ruwanmu ce. Amma tun 1864 Furushiya da Ostiriya suka ci ta da yaƙi suka ƙwace lardunanta na kudu, har da arewacin Schleswig, inda yawancin mutane harshen Danmak suke yi a gida. Da yaƙi ya zo sai Jamus ta ɗebi mazajen wannan yanki, kimanin 30,000, ta sa musu kakinta. Fiye da 5,000 ba su komo ba. Waɗanda suka komo, ba su daɗe ba aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 1920, yankinsu ya koma Danmak. Mutane ne da suka yi shekara huɗu suna bin layi da kwano a gaban wannan tukunya, suna jiran a zuba musu abincin sarkin da ba nasu ba, a yaƙin da ba nasu ba. Jamusanci da harshen Danmak dangi ne, saboda haka kalmar ba ta sha wuyar sauya riga ba, harafi ɗaya aka ƙara, ɗaya aka rage.

Ƙofa ta biyu ta kasuwa ce. Ingila ta tsare wa Jamus hanyoyin teku, yunwa ta kama ta, ga Danmak kuwa maƙwabciya mai shanu da aladu. Nan da nan masana'antun saka nama a gwangwani suka tsiro kamar ciyawar damina, ana aika wa sojojin Jamus. Abin da ake zubawa a ciki kuwa, sau da yawa jijiya ce da guringuntsi da kayan ciki da gari, a rufe da miya mai duhu, a rubuta "gullasch" a jiki. Mutanen da jiya ba su da ko sisi suka wayi gari da motoci da manyan gidaje. Jama'a suka raɗa musu suna "gullaschbaron", wato hakimin farfesu, har zamanin kansa ake kira zamanin farfesu. Kalmomin biyu tagwaye ne, ɗaya ta mai cin abincin a bakin rami, ɗaya ta wanda ya ci ribarsa a birnin Kwapanhegan. Ta biyun ce ma ta fi rayuwa, domin har yau suna jifan duk wanda ya yi arzikin dare ɗaya da ita.

To, mu komo gida. Abin mamaki shi ne, da tukunyar nan ta zo ƙasar Hausa, da ba a sha wahalar suna ba, domin barkwancin da Bajamushe sai da ya haɗa kalma biyu kafin ya same shi, mu a kalma ɗaya yake kwance. Madafa wurin dafa abinci ce. Madafa kuma, a tsohuwar Hausa, igwa ce, daga Larabci "midfa'i", kuma tana nan cikin tsofaffin ƙamusoshin da Turawa suka tattara. A baki akwai bambancin furuci, amma a rubutun boko sak suke. Ga ta uku ma, wadda muke cewa wane ya rasa madafa. Suna ya samu, jaririn ne bai zo ba.

Dalilin rashin zuwansa yana cikin yadda aka yi yaƙi a nan. Mayaƙan sarakunanmu guzuri suke ɗauka, gumba da dakuwa da kilishi da garin gero, abin da ba ya bukatar wuta, sauran kuma a samu a garuruwan da aka ratsa, da daɗi ko ba daɗi. Turawa da suka zo ba su sauya wannan tsari da na'ura ba, sai suka ɗora shi a kan mutane. Tun daga 1863, da Kyaftin Glover ya kafa 'yar rundunarsa ta Hausawa a Ikko, har zuwa rundunar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugga kafawa a 1897, abin hawan kayan soja shi ne kan ɗan Adam. Ba hanyoyin amalanke, a Kurmi kuma ƙudan tsando ba ya barin doki. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji 'yan ƙasa fiye da 700, suka fasa Bebeji, suka ƙetare kogin Challawa, ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Igwoyin da suka zo da su ma a warware suke tafiya, 'yan alaro na ɗauke da su gunduwa-gunduwa a ka. Inda igwar gaske ba ta sami ƙafa ba, ina tukunya za ta samu?

A cikin bariki kuwa, hukuma ba ta girka wa soja baƙar fata. Kuɗin abinci take ba shi, matarsa ta dafa a bayan layi. Shi ya sa bariki ya zama gari guda mai mata da yara, har matan suna da shugabarsu, magajiya, muƙamin da har yau yana nan a barikokin Nijeriya. Wannan mata ita ce madafar rundunar, kuma ba ta cikin lissafin kayan yaƙi. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama, abin da ya sa Ingilishi suka ga amfaninsu a dazuzzukan Arakan shi ne suna da dubban sojoji marasa bindiga waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka. A kwarin Kaladan, cikin 1944, daga jirgin sama ake jefo musu abinci da lema, su tsince, su ɗora a ka, su dafa inda dare ya yi. An tsallake zamanin amalanke ɗungurungum, daga gammo sai jirgin sama.

Saboda haka abin da Hausa ta kwaso daga bariki sunayen mutane ne da na wurare: soja, kurtu, kofur, sajan, samanja, hafsa, odale, kuku, fareti, gadurum, mes. Ita kanta kalmar bariki ta fi ƙarfin katangar da aka yi mata. Ta zama sunan duk inda Bature ya sauka, sa'an nan ta zama sunan wata irin rayuwa, har muka sami ɗan bariki da zaman bariki, da Barikanci, wato gurguwar Hausar da sojoji masu harsuna daban-daban suke fahimtar juna da ita. Kanti ma ɗan soja ne in an bi salsala. A Turai asalin kalmar shagon da ke sayar wa soja abin ci da abin sha ne a sansani. A nan sai aka kira shagunan kamfanonin Turawa da ita, irin su John Holt da G.B. Ollivant, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ta bazu har muka sami Kantin Kwari, inda ba abin da ya haɗa shi da soja ko abinci.

Wannan tsari na bariki, wato a ba ka kuɗi ka nemi mai dafa maka, shi ne masana'antun Kano suka gada. Bompai ce ta fara, tun shekarun 1950, da injinan matse man gyaɗa da na alewa da sabulu da turare. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, zamanin Audu Bako da kuɗin fetur, aka yanka filayen Sharaɗa, daga baya Challawa, inda majemun zamani suka taru kusa da kogin nan da Morland ya ƙetare. Wanda ya san waɗannan wurare a lokacin da suke tashe ya san kamar sansani suke. Jiniya ta maye gurbin begila, heluma ya maye gurbin kofur, mai gadin ƙofa sau da yawa tsohon soja ne, ɗaya daga cikin mazan jiya. Leburorin kuwa yawancinsu 'yan ƙauye ne da almajirai, kamar yadda Paul Lubeck ya nuna a littafinsa na 1986 game da ma'aikatan masana'antun Kano. Mutum ya baro Kumbotso ko Panshekara ko Dakata tun asuba a kan keke, ba zai ga tuwon gidansa ba sai dare. Wasu manyan kamfanoni sun yi ɗakin cin abinci a ciki, amma rundunar gaske a bakin ƙofa take ci.

Nama a gwangwani ma mun taɓa yi. A shekarun 1950 aka kafa Nigerian Canning Company a Kano, domin a yanka shanun Arewa a nan a rufe a gwangwani maimakon a kora su kudu suna ramewa a hanya. Hakiman farfesu kuma ba mu rasa namu ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000, kuma kowane ɗayansu sai ya ci. Wani ne ya kai shinkafar, wani ya kai shanun, wani ya kai garin kwaki. Sai dai mu ba mu raɗa musu sunan zambo ba, ɗan kwangila kawai muka ce, maroƙa kuma suka bi su da kirari. A ganina wannan bambanci ya cancanci marubutanmu su tsaya a kansa, domin harshen da ya iya ƙirƙiro cima-zaune da 'yan-ga-ni-kashe-ni ba gwanintar zambo ya rasa ba.

Akwai suna ɗaya da ya fito daga cikin bariki ta hannun mace, shi ne kasuwar Mami. Labarin da ya shahara shi ne na Mammy Ochefu, matar wani ƙaramin soja a barikin Inugu, wadda ta fara sayar wa sojoji kunu a 1959, aka yi ƙorafin ƙudaje, aka ware mata wuri a bayan bariki, wasu mata suka biyo ta. Mijinta, Anthony Ochefu, shi ne ya zama gwamnan soja na Jihar Gabas ta Tsakiya a 1975. Ba na musun labarin, amma ya kamata a tuna cewa tun kafin wannan shekara Turancin bakin teku yana kiran 'yan kasuwa mata da "mami", har motar da ke ɗaukar su da kayansu da sunan ake kiran ta. Mai yiwuwa sunan yanka da sunan sana'a ne suka haɗu, kowanne ya ƙarfafa ɗan'uwansa. Ko ma dai yaya ne, yau ba barikin da ba shi da Mami, har da Bukavu da Janguza a nan Kano.

Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar lantarki, da kayan waje masu araha, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun rufe, wasu sun koma rumbunan ajiye kaya. Waɗanda suka rage, na roba da na fata da na shinkafa da na lemo, har yanzu suna tara ma'aikata, kuma har yanzu abincinsu da ƙafa yake zuwa. Kayan aikin masu kawo shi kowanne da tarihinsa. Kurfoti daga Ingilishi ne, tukunyar gawayi. Risho daga Faransanci ne. Baro da ake turo tukwane a ciki na 'yan gini ne aka ara. Garau-garau kuwa ba a aro shi daga kowa ba, kunne ne ya raɗa masa suna, kamar yadda ido ya raɗa wa igwar farfesu.

Wadda ta fi kusa da tukunyar Fissler ita ce kula. Bango biyu gare ta ita ma, da abin tsare zafi a tsakani. Wanda ya ƙera ta don ƙanƙara da ruwan sanyi ya yi ta, sunanta ma a Ingilishi mai sanyayawa yake nufi. Matan Kano suka dube ta suka ga in ta iya hana zafi shiga, to za ta iya hana shi fita, suka zuba mata shinkafa da wake da ɗanwake da taliya. Da hantsi za ka gan su a bakin titunan Sharaɗa, an sauko da kuloli uku ko huɗu daga A-daidaita-sahu, yarinya na jera kwanoni da mai da yaji, uwar ɗakinta na buɗe wani ɗan littafi mai maiƙo. A cikinsa sunayen ma'aikatan da ke ci bashi ne sai ƙarshen wata. Ran da albashi ya makara ita ke ɗauke da kamfanin, ran da aka sallami ma'aikata kuwa shafin nan haka zai zauna ba a soke shi ba.